Muryar Jinjiri Ta Iso

Daga Ruma.

Zuwa ga jikata Surayya, a Katsina. Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya mutanen gida? Turai ke rubutawa, ni Daudu ke faɗa.

Amarya, akwatin ɗaukar muryar nan da kika aje mini a shagon Nasiru maƙaryaci ne. Kin ce in faɗa masa sunayen waɗanda aka kashe mana, shi zai aika miki da kansa duk sa'ad da sabis ya zo. Ran Talata da hantsi 'yan bindiga suka shigo bisa babura. Sun harbe Yusha'u a bakin rijiya da guga a hannu. Sun yanka Almustapha gaban 'ya'yansa. Mutum sha ɗaya na faɗa wa akwatin, kowa da sunan ubansa. Yanzu kin ce huɗu suka iso, Nasiru kuma ya duba ya ce akwatin ya goge sauran. Sau biyu za a kashe su? Allah ya yi miki albarka duk da haka.

*

Daga Katsina.

Kaka, ina gaisuwa, ina ta'aziyya. Allah ya jiƙansu.

Laifina ne. Umarnin da na rubuta wa na'urar cewa ya yi: aika, sannan goge. Ban ce ta duba ko saƙon ya isa ba. Sabis ya yanke a tsakiya, ita kuwa ta goge abinta. Na ba Nasiru gyara. Yanzu in ya yanke, za ta jira minti ɗaya ta sake, in ya ƙi ta jira biyu, sannan huɗu, kuma ta ɗora daga inda ta tsaya. Ba ta goge komai sai kwamfutata ta nan ta auna ta ce ya cika. Ka sake faɗa mata. Kuma don Allah ka taso. Jikarka.

*

Daga Zakka.

Surayya, gaisuwa. Ashe sai yanzu karatunki ya kai inda muke tun da. Ɗan aike ba ya cin tuwo sai ya dawo da shaidar isa.

Sun dawo ran Asabar da la'asar, sun sa wa rumbuna wuta. Abokina Jinjiri suka harba a ciki. Shi kaɗai ya san waɗanda suka mutu a daji bara, ni na gari na riƙe. Hanjinsa a hannuna na ce a kawo akwatin. Ya yi ta faɗa, jini na fita ta baki, har ya cika. Nan Zakka ba sabis, shi ya sa na ƙi tahowa da akwatin. Na ɗora shi kan dutsen bayan masallaci inda sabis yakan kama, muka gudu. Jiya Nasiru ya koma, ya tarar sun farfasa shi da gindin bindiga.

Ba zan zo Katsina ba. Faɗa mini gaskiya kawai: saƙon ya iso?

*

Daga Katsina.

Kaka, ina gaisuwa.

Sau goma sha tara sabis yana yankewa, tana sakewa. A na ashirin ya cika. Na saurara har ƙarshe. Mutum talatin da bakwai. A na ƙarshen cewa ya yi, "Sai ni, Jinjiri ɗan Kulu. Daudu, kada ka manta da ni."

Na rubuta sunansa. Allah ya bar mana kai.

Surayya.