Hukuncin Alƙali Thaxter

Ashby, Connecticut, 9 Janairu 1800

Yaya Asahel,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da matarka Mehitabel. Jiya na je gidan yari wurin Lemuel. Ɗakinsa babu murhu, tagar a fashe take, ƙanƙara na shigowa har kan shimfiɗarsa. Tari yake yi da jini. Na ce masa zan rubuto maka, ya ce, "Kada ki ɓata tawadarki, Keziah, yayanki ya sa rigar alƙali." Ga shi dai na ɓata.

Wata tara ka yanke masa don jaridarsa ta zagi gwamnati. Ban ce ka sake shi ba. Ka bari ya ƙarasa a gida, a sa masa mai gadi. Lokacin da ka nemi kujerar majalisa, mijin nan nawa ne ya buga maka takardu, ya zaga gundumomi uku a kan doki cikin ruwan sama yana raba su.

Ƙanwarka, Keziah

*

20 Janairu 1800

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta iso. Ki sani dokar hana ɓata sunan hukuma ina majalisa aka yi ta, da hannuna na goyi bayanta. Idan na sassauta wa mijin ƙanwata, da wane ido zan kalli sauran fursunoni? Masu taya shari'a goma sha biyu ne suka same shi da laifi, ni hukunci kawai na karanta. Na umarci a gyara tagar. Nan gaba ki daina aiko min da wasiƙa ta kotu.

Naki, Asahel Thaxter, Alƙalin Tarayya

*

6 Maris 1800

Alƙali,

Gaisuwa. Lemuel ya rasu ranar Talata. An gyara tagar ranar Laraba. Kada ka zo jana'iza. Injin buga jaridar yanzu a hannuna yake, na kuma iya jera baƙaƙe.

Keziah Prewitt

*

Washington, 23 Janairu 1804

Ƙanwata Keziah,

Ina gaishe ki da zuciya ɗaya, ina fatan yara suna lafiya. Shekara huɗu ban tanka wa abin da kike bugawa a kaina kowane mako ba. Kin kira ni mahauci, na yi shiru. Yanzu jam'iyyarmu ta faɗi, majalisa ta kafa kwamitin tsige ni, kuma an ce sunanki na cikin shaidu.

Idona ya fara mutuwa, sai an karanta min takardu. Mehitabel ba ta tashi daga gado. Shekara ashirin da takwas ina wa ƙasar nan aiki, tun ina ɗaukar bindiga a yaƙin 'yanci. Ban nufi Lemuel ya mutu ba, Allah ya sani. Abin da aka faɗa a gidan Mama maganar gida ce. Ki bar ni in yi murabus da mutuncina. Uwa ɗaya ta haife mu.

Yayanki, Asahel

*

Washington, 11 Fabrairu 1804

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta bi ni har nan, amma ta makara. Kwana tara na yi a keken doki, kuma tun Litinin na tsaya gaban kwamiti.

Na gaya musu abin da ya faru ranar bikin godiya da iyali ke taruwa, a shekarar da aka kama Lemuel, mako biyu kafin shari'a. Kana yanka dinya a teburin Mama, ka ce wa Kawu Obed, "Ni na zaɓo masu taya shari'ar goma sha biyun da kaina, babu wanda zai ba ni kunya." Mama ta ce, "Asahel, mijin ƙanwarka ne fa." Ka ce, "Shi ya sa zan fara da shi." Ina bakin ƙofar kicin da tulu a hannuna, ba ka gan ni ba. Kawu Obed ya rantse a kan haka jiya, yana kuka.

Ka gaida Mehitabel, ita ba ta yi min komai ba.

Ranar Alhamis za a kaɗa ƙuri'ar tsige ka. Na sami wuri a benen 'yan kallo, layin gaba, kusa da ginshiƙi na biyu. Tunda idonka ba ya gani sosai, ka sa a nuna maka.

Matar marigayi Lemuel Prewitt