Kun Auna Komai Ban da Kunnena

Zuwa ga Shugaban kwamitin ladabtarwa da ya zauna a kan ƙorafina,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka.

Ni manomi ne a Basirka. A daminar bara na goyo mahaifiyata a babur zan kai ta asibiti Birnin Kudu, sai wani kofur ɗan sanda ya tsare mu a shingen hanya. Na roƙe shi ya duba takarduna da hanzari, domin Inna ba ta iya dogon zama. Ya amsa mini da mari. Tun ranar kunnena na hagu bai sake jin komai ba. Na daɗe ina tuhumar kaina, ko na ɗaga masa murya ban sani ba. Inna ta ce ban ɗaga ba, kuma ita ce mai kunne biyu.

An sanar da ni hukuncinku da dalilan da kuka auna.

Na ɗaya, kun ce ya daɗe yana aiki. Ni da na zaci daɗewar ce ke koya wa mutum riƙe hannunsa.

Na biyu, kun ce laifinsa na farko ne. Na farko da ya iso teburinku dai. Da kun tsaya a tasha kun tambayi masu haya da babur, da sun ƙara muku ilimi.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai, kun ce na yafe. Ga yadda aka yi. Ana gobe za ku zauna, kofur ɗin ya nemo kawuna da ya riƙe ni tun ina maraya ta wajen uba, ya haɗa shi da limamin unguwarmu suka zo zaurena. Kawu ya cire hularsa ya ajiye a gabana. Ranka ya daɗe, kai ma a ƙasar nan aka haife ka. Wane ɗa ne zai bar kan kawunsa a buɗe? Na ce na yafe don dattijo ya mayar da hularsa. Kofur ɗin ko zauren bai shigo ba, yana cikin mota. Wannan kuka rubuta masa a matsayin nadama.

Sai kuka yi masa gargaɗi, kuka ɗauke shi daga Birnin Kudu kuka kawo shi Gwaram, ƙaramar hukumarmu. A da sai zan kai Inna asibiti nake ganinsa. Yanzu duk ranar kasuwa sai na bi ta gabansa, kuma ya gane ni.

Ina roƙon ku sake zama, ku kira likitan da ya duba ni, ku tambaye ni ba a gaban kawuna ba. Kafin nan, ku ɗauke shi daga hanyarmu. Idan za a yi mini bayani a zaman, a tsaya ta damata.

Allah ya yi maka jagora, ya bar maka jinka har tsufa.

Wassalam.

Sabi'u, daga Basirka