Lallen Bikin Ikram a Ranar Zaɓe

Zuwa ga ƙanena Halilu, a can Jado.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na haƙar zinariya. Allah ya tsare ku daga sharrin rami da na hanya, ya sa a dawo gida da albarka. Mu nan Waca sai godiya. Inna tana lafiya, in ban da gwiwar nan da ba ta rabuwa da ita in sanyi ya shigo. Matarka Nabila ciki ya tsufa, ƙafa ta kumbura, amma likita ya ce ba komai. Gero ya shiga rumbu, wake kuwa bana bai yi abin kirki ba. Mutanen fadama sun fara saran rake.

Na san labari ya iso maka ta salula cewa an yi faɗa a lakwal ɗinmu, makarantar bokon da ake jefa ƙuri'a, ranar zaɓe, har wai an jikkata matan gidanmu. Kwantar da hankalinka, ko ƙwarzane ba wadda ta samu. Amma saura kaɗan, kuma ina so ka ji yadda aka yi daga bakin wadda take tsaye a wurin, ba daga bakin masu ƙara gishiri ba.

Ka san bikin Ikram 'yar Fati ya faɗo daf da zaɓe. Mun tafi bikin a Dantchiao, can kusa da iyaka, ni da Nabila da matan unguwa, aka yi mana lalle irin mai baƙin nan, hannu da ƙafa. Ran zaɓe da hantsi muka cika mota guda muka dawo, muka ce direba ya sauke mu ƙofar lakwal mu yi abin da ya kawo mu kafin mu shiga gida. Ko a raina ban kawo komai ba. Ashe tun safe gari a tsorace yake. Mutane sun sha jin abin da ake yi wa masu zaɓe a wasu jihohi, ga kuma ji-ta-ji-ta cewa za a ɗebo mata a mota daga bakin iyaka su jefa ƙuri'a sau biyu. Ɗaya partin, wanda ba namu ba, ya kawo samari daga wani gari su tsaya gadin ƙofa, ba su san kowa a cikinmu ba. Sai ga mota daga hanyar iyaka, cike da mata, kowace yatsunta baƙi ƙirin.

Ina miƙa kartina na zaɓe wani yaro ya cafke hannuna ya ɗaga sama, yana ihu wai ga tawadar zaɓe nan, mun riga mun dangwala a wani biro, wato wata rumfar zaɓe. Na ce masa lalle ne, ko uwarsa ba ta taɓa ƙunshi ba? To, ka san bakina, wannan maganar ce ta ƙara hura wutar. Kafin ka ce me, gorori sun fito daga bayan katanga. Samarin partinmu su ma suka taso daga gindin itacen bedi da duwatsu. Jandarman da aka ba mu guda ne, yana can cikin aji wajen akwatin ƙuri'a. Mu kuwa muna tsakiya, aka matse mu jikin bango, Nabila ta dafe ciki tana salati. Wallahi Halilu na tsorata, irin tsoron da ban taɓa ji ba, don na ga ba inda za ta gudu da wannan nauyi.

Wanda ya fito daga cikin ajin shi ne Maiwada ɗan Kawu Ɗalha, taubashinmu, wanda ka daina yi wa magana tun da ya bar partinmu. Shi ne delege, wato wakilin wancan ɓangare a biron. Ya kutsa cikin yaransu ya tsaya gabanmu daidai lokacin da wani ya kawo gora. Kan Nabila ta nufa. Maiwada ya tare da hannun dama, na ji ƙarar ƙashi da kunnena.

Na ɗauka zai yi zagi ko ya rama. Sai ya juyo ya kama ni da wasan taubasantaka a gaban jama'a, hannu na reto. Ya ce wa samarin wannan Ƙande ce, ya san ta tun tana yawo ba zane, raguwar da ko daka sau biyu a yini ba ta iyawa, ina za ta iya zaɓe sau biyu? Ya ce in tuɓe takalmi. Na tuɓe, ga tafin ƙafa baƙi har idon sawu. Ya ce sauran ma su tuɓe, muka jera ƙafafu a rairayi. Sannan ya tambayi yaran ko a garinsu da ƙafa ake dangwala ƙuri'a. Wata tsohuwa a layi ta fara ƙyalƙyalewa, dariya ta bi layin har wajen masu duwatsu. Ni ma na samu baki na ce masa ai gara raguwa da mai kai kamar tulu. Yaron da ya riƙe ni ya sunkuya ya shinshina yatsana, ya ji ƙanshin lalle, ya sake ni yana sosa ƙeya.

Mushe, malamin lakwal da ke shugabancin biron, ya duba sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, duk muna ciki. Da muka jefa, sai ya shafa mana tawadar a wuyan hannu inda lalle bai kai ba, delegen kowane parti yana kallo. Maiwada bai yarda an kai shi wajen mai ɗori ba sai da ya ga Nabila ta fita daga lakwal.

Abin ya zama darasi ga gari. Maigari ya tara dattawan partin biyu aka daidaita kan zagaye na biyu: ba mai zuwa kusa da lakwal da sanda, ba a ɗauko baƙi gadin ƙofa, tsofaffi da masu ciki su fara shiga, dattawa kuma su zauna gindin bedi har a rufe. Liman ma ya roƙi mata a huɗuba su haƙura da ƙunshi sai an gama, muka sha dariya amma mun ji. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen garin nan, ban san sun kai haka ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Maiwada yana gida hannu a ɗaure da karare, rakensa na tsaye a fadama, maƙwabtansa su Habu ne ke sara masa. Wasu 'yan partinsu sun juya masa baya, wai ya kare abokan hamayya. Inna ta je da sandarta ta yi masa addu'a har tana kuka. Da na kai masa fura ya tambaye ni lafiyarka, ya ce kada in dame ka da labarin, kana da abin da ya ishe ka. Ni kuwa na ce sai na dame ka.

Inna tana sa maka albarka. Nabila, Fati da amarya Ikram suna gaishe ka, haka Kawu Ɗalha. Ka gaida Nassirou da Ado in kuna tare.

Ban ce ka bar partinka ba, Halilu, ni ma ban bar shi ba. Amma gorar nan da ba ta samu hannun Maiwada ba, da wata irin takarda kake karantawa yau. Lambarsa ba ta canza ba, kuma da hagu ma yana iya ɗaukar salula. Ka kira shi kafin matarka ta sauka.

Taka yayarka,
Ƙande