A-kori-kurar Baba

Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma lafiya lau. Baba da sauƙi, yana cin abinci, hannunsa na hagu yana motsi, sai dai tun da shanyewar jikin nan ta same shi har yau bai iya magana ba.

Bayan haka, Kawu ya yanke hukunci a kan a-kori-kurar Baba. Wai shekara biyu tana tare tsakar gida, kaji na ƙwai a bayanta, don haka ranar Asabar mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo ya ja ta. A gaban Baba ya faɗa, Yaya, kuma na ga hawaye ya gangaro masa. Nan take na tambayi Kawu in ta tashi fa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in na tashe ta, to ta zauna. Kin dai san ni da taurin kai.

Yau na rufe keken ɗinki na ɗaga bonet. Kan batir ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Na kankare shi, na kai caji, na juye tsohon baƙin mai na zuba sabo, na cika lagireto da ruwa. Ashe duk abin da na gani ina ƙarama, lokacin da nake miƙa wa Baba sifana, yana nan daram a kaina. Rabon da in ji daɗin aiki haka har na manta.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta

Alhamis

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramin naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinki, fitilu sun kama, hon ya yi ƙara har Inna ta saki kwano. In na murɗa makulli injin yana juyawa, amma ya ƙi tashi. Na kwance filogi huɗun na goge, na tsiyaye tsohon fetur na zuba sabo, na wanke filta, na bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Bakaniken layinmu ya leƙa, ya ce fetur ba ya isowa kafireta, famfon mai ya mutu, kuma irinsa sai a yi wata ana nema. Duk da haka ban ajiye sifana ba.

Kullum muna fito da Baba baranda yana kallona. Da na shiga motar sai ya dinga bubbuga ƙarƙashin kujerarsa yana gurnani. Inna ta ce kujerar ce ke damunsa, ta sauya masa matashi har sau uku. Saura kwana biyu, ki taya ni da addu'a.

Taki,
Auta

Asabar

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Ta tashi!

Da hantsi mai ƙarafa ya iso da sarƙarsa, Kawu na biye da shi yana murmushi. Na shiga gaban motar na zauna, wai in yi mata ban kwana. Ta gilashi na hango Baba ya kafe ni da ido, yana bugun ƙarƙashin kujerarsa kamar zai fasa ta. Ban san dalili ba, sai kawai na yi yadda yake yi, na zura hannu ƙarƙashin kujerar direba. Yatsana ya taɓa wani ɗan makunni. Ashe saboda ɓarayi ya ɗaura shi, yana yanke wa famfon mai wuta, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Kwana huɗu bawan Allah yana nuna mini, mu kuwa muna ta cusa masa matashi.

Na danna, na ji famfo yana ƙas-ƙas, na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse. Mai ƙarafa ya naɗe sarƙarsa. Bakanike kuwa yana ta gaya wa mutane shawararsa ce na bi, na ƙyale shi.

Muka ɗauko Baba muka sa shi a gaba, na zaga da shi layi sau biyu, ina tuƙi ina kuka. Da muka dawo na kashe mota zan fita, sai ya riƙe mini hannu. Ya jira har Kawu ya juya baya, sannan ya nuna ƙarƙashin kujera da haɓa. Na mayar da makunnin yadda na same shi, sai ya sake ni yana murmushi.

Don Allah in kin gama karantawa ki yaga takardar nan. Baba bai san na gaya miki ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta