Bilkisu Ba Korarta Aka Yi Ba

Yaya Sani,

Kai ne ka ce a ɗauko ƙanwarmu Bilkisu daga kwalejinta ta Gusau, ko ba kai ba ne? Gaisuwa dai dole ce. Ya gida, ya Anti Rabi da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Sheshe lafiya, ban da wannan magana.

Ka ce wa Baba abokinka zai karɓe ta a kwalejin nan Kano. A kan maganarka ta sa hannu ta baro can. Da na raka ta wajen abokin naka, sakatare ya ce mana, "Ai Malam ya yi ritaya tun bara." Ƙa'idarsu na karanta da kaina: sai an ba ka gurbi a rubuce kake barin tsohuwar makaranta. Yanzu can sun cire sunanta, nan ba su san ta ba. A unguwa kuwa cewa ake korarta aka yi, har ta daina fita.

Ka gaida kowa, ku sa ta a addu'a. Ranar Juma'a dangi za su taru a zaure. Zan kira ka in buɗe muryar waya kowa ya ji, ka faɗa musu da bakinka wa ya ce ta taho.

Ƙaninka,
Auwalu