Tsohuwa Mai Jinkiri

Zuwa ga Baban Kumatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya aiki, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, Umma ma tana gaishe ka. Tunda waya ba ta shiga wurin aikin nan naku, direbanku zai ci gaba da shan ɗawainiyar wasiƙuna.

Albishirinka, 'yarka ta fara tsayuwa! Ta kama bencin shago ta miƙe, tana kallona tana jiran tafi. Ban manta alkawarina ba, ranar da ta ɗaga ƙafa za ka gani a hoto. Sai dai ga abin kunya, ni da hoto ne sana'ata. Ka san halin tsohuwar kyamarata, sai ka danna ta tsaya tunani tukuna. Kafin ta gama shawara, Kumatu ta zauna daɓas. Duba waɗanda na saka maka: ɗaya kunne ne, ɗaya dunduniya, na ukun kuwa benci ne shi kaɗai, ya fito fes.

Mai sayar da kyamarori ya ba ni aron sabuwa in gwada. In ta yi min, in ba shi tsohuwar in yi ciko. Ni dai raina bai kwanta ba. Da ita na buɗe shagon nan, da ita kuma na ɗauke ka ranar da ka zo hoton fasfo ka ƙi tafiya.

Ka kula min da kanka.
Taka,
Maman Kumatu

Baban Kumatu,

Ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta iso. Wato dariya ka yi wa hoton benci ko? Allah ya kai mu ka dawo.

Sabuwar nan ba ta da wasa. Kafin yatsana ya gama sauka ta ɗauka. Har miyau na gani a haɓar Kumatu yana ƙyalli. Na yi murna kamar in taka rawa.

Sai ga matsala. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya kawo iyalinsa, na ɗauke su, na wanke. Hoto ya fito tsaf, amma duk sun sandare kamar an kira su kotu. Matarsa ta juya shi ta sake juyawa, ta ce wannan ba hannuna ba ne. Maganar ta yi min zafi, don ka san abin da ke kawo min mutane ke nan, wai a hotona kowa dariya yake.

Na zauna na jera tsofaffin hotuna da sababbi, sai na gano bakin zaren. Da tsohuwar, in na danna nakan ce an gama. Mutane su saki numfashi, su saki ciki, wani ya tsokani wani, a lokacin ne ita kuma take ɗauka. Ashe duk shekarun nan yabonta nake ci! Da na gaya wa Umma, ta yi dariya har da hawaye.

To ka ji inda nake. Sabuwa ce za ta kama maka 'yarka, tsohuwa ce ke riƙe min shago. Kumatu kuwa ta fara sakin benci da hannu ɗaya, ba za ta jira ni ba.

Mai kewarka,
Maman Kumatu

Baban Kumatu, maigidana,

Gaisuwa a gurguje. Ina fata kana lafiya.

Na samo dabara. Na sake kiran tela da iyalinsa, na saita su, na ce an gama alhali ban danna komai ba. Suna sakin jiki na ɗauka. Ka ga haƙora! Jinkirin da tsohuwa take yi, yanzu ni nake yin sa da kaina. Umma ta ce na koyi ƙarya da girmana, amma ita ma da haka na kama ta.

Sauran labarin yana cikin ambulan ɗin nan. Na ajiye tsohuwar a kan kujerar ɗaukar hoto zan goge ta in kai wa mai sayarwa, 'yar jar fitilarta tana ƙiftawa. Kumatu ta hango. Ta saki benci, ta miƙa hannu, ta ɗaga ƙafa. Sabuwar na wuyana, na danna ina kuka ina dariya. Duba da kyau, ƙafar tana sama, ba ta taɓa ƙasa ba.

Sabuwar dai na saya. Tsohuwar kuma na ce masa ba ta musaya ba ce, ya ƙara cikon, na yarda. Wadda 'yata ta yi wa tafiyar farko ba za ta bar gidan nan ba.

Na cika alkawari, saura kai. Ka dawo da wuri, don in ka yi jinkiri irin na tsohuwa, da gudu za ta tare ka.

Matarka mai ƙaunarka,
Maman Kumatu