Kiɗa a Rumfar Kaji, Makoki a Maƙwabta

Zuwa ga maigidana Abdul'azim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ƙafar nan ta bar damunka a wurin aiki. Mu lafiya lau, sai dai a tsorace nake.

Allah Ya yi wa maƙwabcinmu Baffa Shahata rasuwa. Ka san garinmu, har a yi arba'in ba mai kunna kiɗa, ko biki ɗage shi ake yi. Ni kuwa ga kaji cike da rumfa, waɗanda tun suna 'yan tsaki ka sabar musu da kiɗan molo a rediyo don su natsu su ci, su yi nama mai taushi. Da kake cewa sun fi ni kunne, dariya nake yi. Yanzu na daina.

Ranar jana'iza na kashe rediyon. Da mata suka kurma ihu, kajin suka ruga kusurwa guda, suka danne juna. Da hannuna na kwashe matattun, da ɗuminsu. Sauran suka ƙi abinci, ko tari na yi sai su zabura.

Na sake kunnawa ƙasa-ƙasa, na toshe tagogi da buhuna. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan makoki. In na kashe, kajin su ƙare. In aka ji, ba mai ƙara taka gidanmu, ko ranar bikin 'yarmu Widad. Ko ƙofa aka taɓa sai in ɗauka an ji. Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Sabriyya

Maigidana,

Ina gaisuwa, da fatan wasiƙata ta same ka lafiya.

An ji. Jiya zafi ya yi yawa, kajin suna haki, dole na cire buhun da ke tagar. Ban gama juyowa ba sai ga Hajiya Insaf, matar marigayin, ta leƙo ta katanga cikin baƙaƙen kaya.

Ta ce, "Ke Sabriyya, kiɗa nake ji?"

Na ce, "Inna, ki yafe mini, wallahi kajin ne..."

Ta daɗe tana kallon gindin katangar. Ta ce, "Nan ja'irin tsohon yake zama kullum da la'asar, wai iska yake sha. Iskar warin kaji! Ashe kiɗanku yake sata." Ta share ido da gefen mayafi. "Ƙara shi kaɗan, ba na ji sosai."

Na ƙara. Kajin suka koma kan abinci, ita kuma tana tsaye har aka kira magariba.

Taka har kullum,
Sabriyya